Kankaren ambientCG: kyauta ne kuma mai kyau, amma sai ka sa naka hannun

Duk mai zana gida a kwamfuta ya fitar da shi kamar hoton gaske don mai gida ya gani tun kafin a haƙa fandesho, ya san kankare ne yake fara tona asirin aiki. Gilashi ba wuya, ƙarfe ma haka ka daidaita sheƙinsa shikenan, amma bangon filasta ko ginshiƙin kankare ko daɓen siminti in bai zauna ba ko yaro ne ya kalli hoton zai ce maka wannan ai kwamfuta ce. Shi ya sa nake son mu yi magana a kan ambientCG, shafin intanet inda nake ɗauko yawancin tekscha ɗin kankaren, wato hotunan da ake lulluɓa wa bango ko daɓe a kwamfuta don ya yi kama da na gaske, da nake aiki da su a manhajar zanen 3D ta Blender, in faɗi alherinsa in kuma faɗi inda dole sai ka ƙara da naka ƙoƙarin, don wallahi abin yana damuna in ga yaro mai hazaƙa ya sauke kaya masu kyau amma rendarin, wato hoton ƙarshe da kwamfuta ke fitarwa, ya fito masa lami ba rai.

Abu na farko dai kyauta ne, kuma kyauta ta gaske ba irin wadda za a ba ka ɗan ƙarami a ce babban sai ka biya ba. Ba rajista, ba a tambayarka imel, ba ruwanka da katin dala. Kana shiga ka rubuta abin da kake nema ka zaɓi girma ka sauke. Lasisin da ke kansu shi ne CC0, ma'ana mai abin ya yafe haƙƙinsa gaba ɗaya, ka yi aikin kuɗi da shi, ka canza masa kala, ka saka a wasan da za ka sayar, ba wanda zai biyo ka kuma ba dole ka rubuta sunan kowa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne fa, don da yawanmu sun saba su shiga Google su kwafo hoton bango wanda ba su san mai shi ba su manna a aikin kwastoma, ranar da aikin ya fita waje sai a shiga uku. Mai wurin sunansa Lennart Demes, da can ana kiran wurin CC0 Textures kafin a canza suna, kuma masu tallafawa da kuɗi ta shafin Patreon suna cikin waɗanda ke riƙe da shi. In Allah ya hore maka ka tallafa, ya cancanta.

Kankaren kuwa suna da yawa, an jera su da lamba ne kawai, Concrete sai lamba a gaba, akwai mai santsi irin na daɓen da aka goge, akwai mai ƙananan ramuka irin wanda iska ta maƙale a ciki lokacin zubi, akwai mai sawun katakon kafinta a jiki, akwai tsoho da ya tsattsage, akwai wanda tsakuwa ta fito fili. Kowanne yana zuwa a zif guda, in ka buɗe za ka tarar ba hoto ɗaya ba ne, akwai na kala, akwai na kaushi wanda suka rubuta wa Roughness, akwai masu launin shuɗi-shuɗi guda 2 NormalGL da NormalDX masu sa haske ya nuna ƙananan ramuka da ƙuraje, akwai Displacement na tudu da kwari, wasu kuma har da na inuwar lungu. A nan ne masu koyo da yawa suke yin asara, su ɗauki na kalar kaɗai su jefar da sauran, alhali kankare ba kala ba ne, kusan duk kankare toka-toka ne, abin da ke sa ido ya yarda shi ne yadda haske ke kwanciya a jikinsa, wani wuri ya ɗan yi sheƙi wani wuri ya shanye hasken, kuma sauran hotunan ne suke ɗauke da wannan bayanin.

Maganar ɗinki, a nan kam ban da ƙorafi. In ka jera tekscha ɗin gefe da gefe ba ka ganin layin da ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara, gefen dama ya haɗu da na hagu, sama ta haɗu da ƙasa, har a hoton kaushin da na tudu da kwarin ma haka, wanda shi ne wasu wuraren suke sakaci da shi sai ka ga kala ta haɗu amma in rana ta bugi bangon ta gefe layi ya fito ɓaro-ɓaro. Wanda yake son ya gwada da kansa ya buɗe hoton a manhajar gyaran hoto ta GIMP ya tura shi rabin faɗi da rabin tsawo da Offset, gefunan za su dawo tsakiya, in akwai ɗinki a nan zai gan shi.

To amma ga inda nake son a tsaya a saurare ni, rashin ɗinki daban, rashin maimaici daban. Tekscha ɗin da ya rufe mita 2 in ka shimfiɗa shi a katangar gida mai mita 30 zai maimaita kansa sau 15, kuma in akwai wani ɗan baƙin tabo ko tsaga guda ɗaya a ciki to sau 15 za ka gan ta a jere, tazara iri ɗaya, kamar zanen atamfa. Idon mutum kuwa ba ya yafe wannan, ko bai san me ke damunsa ba zai ji hoton bai kwanta masa ba. Wannan ba laifin ambientCG ba ne, ko wanda ka saya da dala haka zai yi, ɗabi'ar abin ce. Abin da dai na lura shi ne waɗanda suka fi ɗaukar ido a ɗan hoton ƙwallon da ake nunawa kafin ka sauke, masu tabo da tsaga da ruwan tsatsa, su ne suka fi muni a babban bango, su kuma waɗanda ka raina don ba su da wani abin kallo su ne dokin aiki. Don haka ni babban fili kamar katanga ko deki ko harabar ajiye mota ina ɗaukar mafi sauƙin kama, wanda ba shi da wata alama da ido zai riƙe, masu tabon kuma in bar su don ginshiƙi ɗaya ko matakala ko wani lungu da kyamara za ta matso kusa.

Kuma ko mai sauƙin ne sai ka karya masa jerin. Yadda nake yi a Blender shi ne in saka tekscha ɗin sau 2, na biyun in juya shi wata kusurwa da ba ta miƙe ba in kuma ɗan ƙara masa girma, sai in gauraya su da Noise, wato dabbare-dabbaren da Blender ke ƙirƙira da kansa, mai faɗi sosai yadda wani yanki na bangon zai ɗauki na farko wani yanki ya ɗauki na biyu ba tare da an ga iyaka ba. Bayan nan in ƙara wani Noise ɗin wanda ya fi girma ya ɗan duhunta wasu wurare ya haskaka wasu, kaɗan fa, yadda in ba an faɗa maka ba ba za ka lura ba, don bangon gaske ba a yi masa filasta da kwaɓi ɗaya ba, wanda aka kwaɓa da safe daban wanda lebura ya ƙara wa ruwa da yamma daban, kuma duk yana nunawa bayan ya bushe. Wasu suna amfani da Voronoi su yanka filin gida-gida kowane gida a juya shi yadda ya ga dama, shi ma yana aiki sosai ga kankare marar layi, amma kada ka gwada shi a kan mai sawun katako ko bulo, zai wargaza maka layukan.

Sai maganar awo, wadda ita ce ta fi kashe aiki a wurinmu. Ka ga rendarin gida mai kyau, fitilu sun zauna, amma ramukan jikin kankaren kowanne ya kai girman hannu saboda an baza tekscha ɗin mita 1 a kan bangon mita 6, ko kuma an matse shi har ya koma ɗige-ɗige. Ka tambayi kanka kullum wannan hoton fili nawa yake wakilta a zahiri. A nan Poly Haven, wani shafin tekscha daban, ya ɗan fi sauƙi don yana rubuta maka faɗin kowane tekscha da mita, shi ma CC0 ne kuma kyauta, kuma ni ina haɗa su biyun ne ba na zaɓar ɗaya in bar ɗaya. In ba ka ga awo ba ka tsayar da mutum mai tsayin mita 1.7 kusa da bangon ka duba da idonka, ko ka kwatanta da bulo tunda shi kowa ya san girmansa, namu tsawonsa inci 18 tsayinsa inci 9, wato milimita 450 da 225. Kuma in ka ja abu ka ƙara masa girma a Blender ka tuna ka danna Ctrl+A ka tabbatar da sikelin, in ba haka ba tekscha ɗin zai miƙe gefe guda. Ga wanda ba ya son wahalar buɗe UV, wato shimfiɗa fuskokin abu don hoto ya zauna a kansu, a gini mai kusurwoyi ka mayar da hoton daga Flat zuwa Box ka ɗan ɗaga Blend, zai lulluɓe ginshiƙi ta kowane gefe ba tare da ya ja ba.

Yanzu girman da za ka sauke. A ambientCG yawanci suna bayarwa daga 1K har 8K, JPG ko PNG, kuma na san zuciya tana son babba, amma ɗan'uwa ka tausaya wa datarka da laftof ɗinka. Ka yi lissafi, 2K ɗigo 2048 ne a kowane gefe, in ya rufe mita 2 kusan ɗigo ɗaya ke nan a kowane milimita. Hoton da za ka ba kwastoma kuwa in 1920 ne faɗinsa kuma gidan ya cika shi da mita 15, kowace mita ɗigo 128 kawai ta samu, to ina 8K zai shiga? Ba za a taɓa ganinsa ba. Kuma kada ƙanƙantar JPG ta ruɗe ka, in ya shiga katin girafik warware shi ake yi, 8K guda ɗaya mai layin kala 4 yana cin megabait 256, 4K yana cin 64, 2K kuma 16 kacal, ka ninka da hotuna 4 ko 5 na kowane kankare sannan ka tuna akwai tayil da katako da ciyawa da motoci a filin, mai katin giga 4 zai ga Cycles, injin rendar Blender, ya tsaya ya ce wuri ya ƙare, ga shi ana sauri kafin a ɗauke wuta. Ni 2K ne abincin yau da gobe, 4K sai daɓen falo ko bangon da kyamara za ta tsaya a gabansa, 1K kuma ya ishi ginin maƙwabta da ke can baya.

Haɗa hotunan ba wuya in ka kunna Node Wrangler, wani ƙarin kayan aiki na Blender, ka zaɓi Principled BSDF ka danna Ctrl+Shift+T ka kwaso hotunan gaba ɗaya, shi zai karanta sunayensu ya kai kowanne mazauninsa, kuma sunayen ambientCG a tsare suke shi ya sa yake gane su. Abin da za ka kiyaye shi ne masu shuɗin nan guda 2, Blender da manhajar haɗa wasa ta Unity na GL suke ci, takwararta Unreal kuma na DX, bambancinsu layin kore ne aka kifa, in ka saka wanda ba shi ba ramuka za su koma ƙuraje, hasken ya zo ta sama amma inuwa ta faɗi inda bai kamata ba, don haka ka cire ɗayan kafin ka kwaso. In da hannu kake haɗawa kuma duk hoton da ba na kala ba ka mayar da shi Non-Color. Metallic a bar shi sifili, kankare ba ƙarfe ba ne komai sheƙinsa. Masu injin renda na V-Ray su kuma su tuna shi asalinsa da santsi yake lissafi ba da kaushi ba, akwai wurin da za ka ce masa ya yi amfani da Roughness, in ka manta sai bangon da ya kamata ya bushe ya riƙa ƙyalli.

Hoton kaushin nan ina yawan taɓa shi, ban cika barinsa yadda ya zo ba. Ina saka ColorRamp a tsakani in tura shi sama in bangon waje ne, don filastar da rana ta gasa ba ta da wani sheƙi ko kaɗan, in kuma daɓen ciki ne irin wanda magini ya yayyafa wa garin siminti ya goge da cokali har ya yi sulɓi to sai in sauko da shi yadda taga za ta ɗan bayyana a ƙasa dishi-dishi. Displacement kuwa gaskiya ba kullum ake buƙatarsa ba, a bango mai santsi Normal ya wadatar kuma ya fi sauri nesa ba kusa ba. Sai in kankaren mai tsakuwa ne ko mai sawun katako kuma gefensa zai fito a hoton, nan ne za ka yanka fuskar ƙanana ka kunna shi, ka kuma rage ƙarfinsa sosai don ramin jikin kankare milimita kaɗan ne ba taƙi ba. A wannan kaɗai nake ce wa mutum ya bar JPG, don mataki 256 kawai yake da shi tsakanin baƙi da fari, tudun sai ya fito hawa-hawa, gara EXR irin wanda Poly Haven ke bayarwa.

Wani abu da ba tekscha ne zai yi maka ba shi ne bakin kusurwa. Ba ginshiƙin da bakinsa yake da kaifin reza, kullum akwai ɗan dakushewa da haske ke kamawa, ka saka Bevel ɗan kaɗan ka ga yadda abin zai canza. Haske ma haka, rana tsaka tana daddanne komai, ka karkato da ita ta shafi bangon ta gefe sai duk ƙananan ramukan su tashi. Hotunan sararin sama na Poly Haven suna taimakawa a nan, da yawansu a Afirka ta Kudu aka ɗauke su, ƙasar Greg Zaal wanda ya faro ɓangaren, rana mai ƙarfi da busasshiyar ciyawa, sun fi kusa da haskenmu a kan na ƙasashen da gajimare ba ya yayewa.

Inda ambientCG bai kai min ba, kuma ban ga laifinsu ba don ba don mu kaɗai aka yi shi ba, shi ne kamannin kankaren. Yawancinsu toka ce mai sanyi da ta karkata wajen shuɗi, tsofaffin kuma tsufan ƙasar damshi suka yi, gansakuka da kore-kore da baƙin ruwa. Namu ba haka yake tsufa ba. Ka tsaya ka kalli katangar da ba a yi wa fenti ba a Kano ko Zariya ko Maraɗi, kalar yashin da aka kwaɓa da shi tana jiki, wani ya ɗan yi ruwan ƙasa wani ya yi ja-ja, ƙurar hunturu ta kwanta a kan duk wani abu da ya ɗan turo, saman linta da bakin taga da kan katanga, daga ƙasa kuma kamar taƙi 2 ruwan damina ya fantsamo jar ƙasa ya rina gindin bangon, ƙarƙashin indararo ga baƙin sawu ya gangaro, wani wurin ma layin bulo yana leƙowa ta cikin filastar in ba ta yi kauri ba. Ba za ka samu wannan a shirye ba. Sai dai ka ɗauki nasu a matsayin tushe, ka ɗumama kalar da Hue/Saturation ko ka ninka ta da ruwan ƙasa mai haske, ka ɗauko tsayin bangon ta Separate XYZ ka sa jar ƙasa daga gindi tana ɓacewa tana hawa, ka gauraya bakin da Noise kada ya miƙe kamar an ja da rula, ƙurar kuma ka sa ta zauna a fuskokin da ke kallon sama kawai. Na san wani zai ce ai mai gida sabon gida fes yake son gani ba mai datti ba, haka ne, ba cewa na yi ka tsufar masa da gida ba, amma ko ginin da aka gama jiya yana da ƙura a gindinsa, ɗan kaɗan ɗin nan shi ke dasa gidan a ƙasa ya daina shawagi. In kuma aikin fim ne ko wasa da ake son unguwa ta fito unguwa, to nan kam sai ka saki hannu.

Haka nan bulo irin namu wanda aka buga da yashi da siminti, mai kaushi da gefe a ɗan gutsure da kwaɓin da ya tsiyayo tsakanin layi, da filastar da aka watsa ta yi ƙuraje-ƙuraje, da intalok irin yankan da ake bugawa a bakin titi, waɗannan in kana son su fito sak gara ka ɗauka da kanka, kuma wayar hannunka ta isa. Ka nemi bangon da ke cikin inuwa ko ka bari sai ranar da hazo ya rufe rana, don in inuwa ta shiga hoton ta zauna ke nan, duk inda ka juya fitila a kwamfuta ita tana nan inda take. Ka tsaya daidai saitin bangon kada ka karkace, ka ɗan ja baya ka zuƙo maimakon ka matsa kusa don gefuna kada su lanƙwashe. A GIMP ka yanke shi murabba'i, ka bi shi da High Pass don ya daidaita inda gefe ɗaya ya fi haske, ka yi Offset ɗin nan ka goge layin tsakiya da Clone a hankali, akwai Tile Seamless mai yi maka a danna ɗaya amma yana dusar da hoton, a filasta yana wucewa a bulo kuwa yana haɗa layi a kan layi. Sauran hotunan na kaushi da tudu da kwari Materialize zai ciro maka su daga na kalar, shi ma kyauta ne, ba zai kai wanda aka auna da kyamarori ta kusurwa da yawa ba amma daga nesa kaɗan ba mai ganewa. Wani lokaci ma ina ɗaukar kalar daga hotona in aro Normal da Roughness daga wani kankaren ambientCG mai kama da shi, in dai ba mai layi ba ne suna zama tare lafiya lau. Kuma kafin ka ɗauki hoton ka manna tef ɗin awo a gefen bangon ya shiga ciki, ka yanke shi daga baya, sannan ka rubuta faɗin a sunan fayil ɗin, misali filasta mita 2, don wata 6 nan gaba ba za ka tuna ba.